Fuskar aro, muryar gaske: su wane ne 'yan VTuber, kuma me suke ɓoyewa a bayan zane?

A watan Yulin 2025 wani labari ya karaɗe kafofin labaran fasaha, ya kuma ɗaure wa masu karatu da yawa kai. Wata mai watsa shiri kai-tsaye a dandalin Twitch, wadda aka sani da Ironmouse, ta fito ta ce kamfanin VShojo da ke kula da harkokinta ya riƙe fiye da dala 500,000 da aka tara ta hannunta domin wata gidauniyar taimakon masu lalurar garkuwar jiki. Cikin 'yan kwanaki sauran taurarin kamfanin suka watse, ranar 24 ga watan kuma shugabansa Justin Ignacio ya sanar da rufe shi.

Hoton da aka riƙa haɗawa da labarin shi ya fi rikita mutane: zanen wata yarinya mai gashi ruwan hoda da 'yan ƙahonni, irin na katun ɗin Japan. Ta yaya za a ci wa zane kuɗi? Kafin nan ma, ranar 1 ga Mayu, wata mai suna Gawr Gura, zanen yarinya sanye da rigar kifin shak, mai mabiya sama da miliyan 4 a YouTube, ta yi shirinta na bankwana bayan ta ce ta samu saɓani da shugabannin kamfaninta. Wanda bai san harkar ba yana iya ɗauka cewa kwamfuta ce ke magana. A galibin lokuta mutum ne mai jini da tsoka zaune a ɗakinsa.

## Abin da kalmar ke nufi

VTuber, wadda ake furtawa kamar “bi-tuba”, taƙaitawa ce ta sunan da ke nufin ɗan YouTube wanda ba a ganin jikinsa na zahiri. Mutum ne ke hira, waƙa, buga wasannin bidiyo ko koyar da darasi kai-tsaye, amma abin da mai kallo ke gani a fuskar wayarsa zane ne mai motsi da ke kwaikwayon motsin mai maganar nan take. Shi wannan zane ake kira abata. Asalin kalmar daga harshen Sanskrit na Indiya ne, inda take nufin saukowar abin bauta cikin wata siffa. Masu kwamfuta suka are ta domin siffar da ke wakiltar mutum a intanet. Da Hausa, fuskar aro ko surar aro ta wadatar.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa da shi. Na farko katun na talabijin, wanda aka rubuta, aka zana, aka ɗora murya tun kafin a nuna. Shi VTuber yana amsa tambayar da ka rubuta masa yanzu-yanzu. Na biyu Hatsune Miku, mawaƙiyar zane da kamfanin Crypton ya fitar a 2007: ita manhajar haɗa murya ce, babu wani mutum guda da ke zaune a bayanta. Na uku shi ne bidiyon bogi da ake ɗora fuskar wani sanannen mutum a kai domin a yaudari jama'a. Surar VTuber ba ta iƙirarin cewa fuskar wani ce, kowa ya kalle ta ya san zane ne.

Japanawa suna da suna ga wanda ke bayan zanen: “naka no hito”, wato mutumin ciki. Wanda ya zana surar ana ce masa “mama”, ko da namiji ne. Barin aiki kuma “kammala karatu” ake kiransa, kamar ɗalibin da ya gama makaranta.

## Yadda zane ke ƙifta ido

A ɗauki ɗakin mai wannan sana'a. Akwai kwamfuta, akwai makirufo, sai waya da aka kafa a kan ƙarfe tana fuskantarsa. Kyamarar wayar tana bin girarsa, fatar idonsa, leɓɓansa da karkatar kansa, tana aika bayanan ga wata manhaja irin su VTube Studio. Ya ɗaga gira, zanen ya ɗaga. Ya yi dariya, bakin zanen ya buɗe, idanun su tsuke. Idan ya miƙe ya je shan ruwa kyamara ta rasa fuskarsa, sai zanen ya sandare wuri guda, masu kallo su cika shafin da saƙonnin tsokana har ya dawo.

Kafin a kai nan an sha aiki. Mai zane ba ya zana hoton a dunƙule. Yana rarraba shi gunduwa-gunduwa, ƙwayar ido daban, fatar ido daban, leɓen sama, leɓen ƙasa, haƙora, kowane tsagin gashi da nasa shafin. Sai wani gwani ya karɓa, ya yi amfani da manhajar Live2D ta Japan ya ɗaure kowace gunduwa da irin motsin da za ta yi, har yadda gashi zai kaɗa idan an juya kai. Aikin yakan ɗauki makonni, kuɗinsa kuma yakan kai dubban daloli idan ƙwararru ne suka yi. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan ɗaukar motsin jiki gaba ɗaya, inda mai wasa ke sa riga mai na'urori, ya yi rawa, surarsa ta yi rawa a dandalin da aka zana. Wanda ba shi da hali kuwa yana iya haɗa sura kyauta da manhajar VRoid Studio.

Abin da ya sauko da farashin harkar shi ne fitowar iPhone X a 2017, mai kyamarar da ke auna zurfin fuska. Aikin da a da sai an shiga situdiyo, sai ga shi ya koma aljihu.

## Daga Tokyo zuwa ko'ina

A ƙarshen 2016 wata sura mai suna Kizuna AI ta buɗe tasha a YouTube, ita ce kuma ta fara kiran kanta da wannan suna da ya bi sauran. Kamfanin Cover ya fito da Tokino Sora a Satumbar 2017, tushen rukunin 'yan VTuber na Hololive ke nan. A Fabrairun 2018 rukunin Nijisanji ya shigo da zane mai sauƙi da shiri kai-tsaye na sa'o'i, salon da ya zama ruwan dare. Zuwa farkon 2020 an ƙirga masu wannan sana'a sama da 10,000.

Zaman gida na annobar korona ya buɗe musu ƙofar duniya. Hololive ta buɗe reshen Indonesiya a Afrilun 2020, na Turanci a Satumba, inda Gawr Gura ta fito. Masu kallo da kansu suka riƙa yanko gajerun bidiyo suna fassarawa kyauta. Kamfanin da ke da Nijisanji, ANYCOLOR, ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2022, Cover ya bi shi a 2023.

Ba mamaki abin ya yi tsiro a Japan. Ƙasar tana da tsohon wasan 'yar tsana mai suna bunraku, inda mutum uku ke riƙe da 'yar tsana guda a gaban idon 'yan kallo, amma kowa ya yarda ya yi kamar bai gan su ba. Ga kuma masana'antar katun da masu ɗora murya waɗanda su kansu taurari ne.

## Me ya sa mutum zai ɓoye fuskarsa?

Dalili na farko tsaro ne. Duk wanda ya yi suna a intanet da fuskarsa ya san ba ya da sauran sirri: ana gane shi a kasuwa, ana bin diddigin gidansa ta hoton tagar ɗakinsa, ana tura bidiyonsa ga danginsa ko wurin aikinsa. Mata sun fi kowa shan wannan. Mai fuskar aro tana iya tara dubun dubatar 'yan kallo da daddare, da safe ta shiga jirgin ƙasa ba wanda ya waiwaye ta.

Na biyu shi ne tsira daga awon kyau. A dandalin da fuska ke sayar da kaya, wanda ba shi da irin kamannin da ake so yana farawa ne daga baya. Zane yana share wannan. Abin da ya rage shi ne murya, iya zance, barkwanci da juriyar zama sa'a huɗu ko biyar ana hira ba a gundiri kowa ba. Masu kunya da yawa sun ce sai da suka shiga bayan zane bakinsu ya buɗe.

Na uku lafiya, kuma nan labarin Ironmouse ya fi kowane bayani. 'Yar asalin Puerto Rico ce, ta so zama mawaƙiyar opera, sai wata cutar raunin garkuwar jiki da likitoci ke kira CVID ta kwantar da ita, ta kai ga dogaro da iskar oksijin, ba ta iya cuɗanya da mutane saboda ƙaramin ciwo na iya zame mata babba. Daga kan gado ta fara shiri. Surar da ta ara tana tsalle, tana waƙa, tana sauya kaya, abubuwan da jikinta ya hana ta. A Satumbar 2024 ta kafa tarihi a Twitch da masu biyan kuɗin rajista sama da 300,000 a lokaci guda, kafin wani mai shiri a Twitch, Kai Cenat, ya ƙwace kambun bayan 'yan makonni. A wurin irinta, fuskar aro ita ce ƙofar fita daga ɗaki.

Akwai kuma masu yin abin domin wasan kansa. Surar tana zuwa da labari: wannan aljana ce, wancan ɗan fashin teku ne, Gawr Gura an ce shekarunta sun haura 9,000. Babu mai kallon da ya gaskata, amma kowa yana shiga wasan. Wasu maza kuma suna ɗaukar surar mace, har da na'urar sauya murya, abin da Japanawa ke kira “babiniku”.

Kamfanoni da hukumomi nasu dalilin daban ne. Zane ba ya tsufa, ana buga shi a riga, a kwalin alewa, a jikin mota. Hukumar yawon buɗe ido ta Japan ta ɗauki Kizuna AI jakadiyar tallata ƙasar a 2018, a shekarar ne kuma jihar Ibaraki ta yi tata surar mai gabatar da shirye-shirye.

## Ta ina kuɗin ke shigowa?

Hanyar da ta fi fitowa fili ita ce Super Chat, wadda YouTube ya ƙaddamar a 2017: mai kallo ya biya kuɗi, saƙonsa ya fito da launi ya tsaya a sama, mai shiri ya karanta ya kira sunansa. A Japan saƙon da ya kai yen 10,000 ja yake fitowa. YouTube yana cire kashi 30 cikin 100, sannan a raba sauran tsakanin kamfani da mai muryar bisa yarjejeniyarsu. A 2020 wata VTuber mai suna Kiryu Coco ce ta fi kowa a duniya samun irin wannan kuɗi bisa ƙididdigar shafin Playboard mai bin alƙaluman tashoshin YouTube. Sai rajistar wata-wata, talla, tikitin wasa da sayar da kayan tunawa, waɗanda a manyan kamfanoni sun zama ginshiƙin ciniki.

Waɗannan su ne 'yan tsirarun da ke sama. Mafi yawa suna shiri ne ga mutum goma ko ashirin, kuɗin zanen ma bai dawo ba.

## Fuskar ta wa ce?

Nan ne ainihin rigimar take. A tsarin manyan kamfanonin Japan, kamfani ne ke da sunan, da zanen, da tashar YouTube ɗin, da duk bidiyon da ke ciki. Mai muryar ɗan kwangila ne. Ranar da ya tafi, ko aka sallame shi, yana barin komai, galibi kuma ba a yarda ya fito ya ce ni ne wane ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A Fabrairun 2024 Nijisanji ta soke kwangilar Selen Tatsuki, tana zarginta da saɓa ƙa'idojin aiki, aka rufe bidiyoyin da ta shafe shekaru tana yi. Ita kuma ta ce ta fuskanci cin zarafi da matsin da ya taɓa lafiyarta. Ta dawo da tsohuwar surarta mai suna Dokibird, dubban ɗaruruwan masu kallo suka bi ta can. Kamfani ya riƙe zanen, jama'a suka bi muryar.

An ga irin haka tun 2019, lokacin da masu Kizuna AI suka gwada ɗora wasu muryoyin a kan surar guda domin a ninka aiki. Masu kallo suka ƙi, suka yi ta tambayar ina ta asalin. A 2020 aka bayyana cewa Nozomi Kasuga ce muryar. Darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne ba a musanya mutumin ciki kamar yadda ake sauya direban mota, shi ya sa yanzu idan mai murya ya tafi akan jingine surar gaba ɗaya.

VShojo ta tallata kanta ne a matsayin maganin wannan matsala, domin a wurinta taurari ne ke da surorinsu. Hakan ya yi rana: da kamfanin ya rushe, Ironmouse ta fita da sunanta da fuskarta, ta buɗe sabon asusun tallafi, aka tara wa gidauniyar sama da dala miliyan 1. Sai dai mallakar fuska bai kare kuɗin ba, tunda ta hannun kamfanin suke bi.

Su ma masu zanen suna da nasu kukan. A Oktoban 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Japan ta tsawata wa Cover saboda sa 'yan kwangila sake aiki sau fiye da 200 ba tare da biya ba.

Kotuna sun fara shiga. A 2022 wata kotu a Osaka ta yanke cewa zagin surar VTuber na iya zama ɓata sunan wanda ke bayanta, tana kwatanta surar da tufafin da mutum ya sa. A 2025 wata kotu a Koriya ta Kudu ta umarci wani da ya ci mutuncin mawaƙan rukunin PLAVE, waɗanda su ma surori ne masu mutane a ciki, ya biya diyya.

## Masu yabo da masu suka

Magoya baya suna cewa harkar ta buɗe ƙofa ga marasa lafiya, masu kunya da waɗanda al'ada ko aiki ya hana su fitowa, ta kuma samar da sana'a ga masu zane, mawaƙa da masu fassara. A ganinsu babu yaudara tunda kowa ya san dokar wasan.

Masu suka suna kawo hujjoji uku masu nauyi. Ɗaya, shaƙuwar gefe guda: mai kallo yana jin kamar yana da aboki ko masoyiya, yana zuba kuɗin da ba shi da su domin a kira sunansa, wasu har su fusata idan suka ji mai muryar tana da miji ko saurayi. Biyu, yanayin zanen: surori da yawa mata ne masu kamannin ƙuruciya da shigar da ta bayyana jiki, lamarin da ya jawo muhawara har a cikin Japan. Uku, ɓoyon bai cika ba. Akwai masu bin muryoyi suna tono ko wane ne, kuma zane ba ya tare zagi. A Satumbar 2020 Kiryu Coco da Akai Haato na Hololive sun ambaci Taiwan yayin da suke duba jerin wuraren da masu kallonsu suke. Fushin da ya taso daga Sin, wadda ke ɗaukar Taiwan a matsayin yankinta, ya sa aka dakatar da su mako uku, aka yi watanni ana yi wa Coco ruwan zagi, Hololive kuma ta rufe reshenta na Sin.

Hujjar shaƙuwa ba ta tsaya kan masu zane kaɗai ba, tana hawa kan duk mai shiri kai-tsaye. Abin da zane ya ƙara shi ne ya bar wa mai kallo fili ya cike sauran da tunaninsa.

## Idan babu kowa a ciki

Tun Disambar 2022 akwai Neuro-sama, sura a Twitch wadda ƙirƙirarriyar basira ke sarrafa zancenta da muryarta, aikin wani mai shirya manhaja da ake kira Vedal. 'Yan makonni da fitowarta aka dakatar da tashar na mako biyu saboda kalaman da ta furta, ciki har da na shakkar kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. A Sin kuwa ana amfani da surori masu kama da mutane sak suna tallar kaya dare da rana.

Wannan ne ya sa dandamali suka fara gindaya sharaɗi. Daga Maris 2024 YouTube ya wajabta wa masu tasha su bayyana idan bidiyo mai kama da gaske an haɗa shi ne da na'ura, amma ya keɓe zanen da kowa ya san zane ne. Ma'aunin ke nan da ya fi amfani ga mai kallo: hatsarin yaudara ya fi yawa a surar da ke kama da mutum, ba a mai kunnen kyanwa ba.

## Inda ya taɓa mai waya a hannu

Murya ba fuska ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. An shekara da shekaru ana ƙaunar masu gabatar da shirin rediyo ba a taɓa ganinsu ba. Marubuta mata da yawa suna rubutu da sunan alƙalami, tashoshin karanta littattafan Hausa a YouTube suna tara masu sauraro da murya da hoto guda, masu sayar da kaya a TikTok da Instagram suna rufe fuska da ɗan zane. Ga malamar da ke son koyar da lissafi ko girki ba tare da ta nuna kanta ba, sura mai hijabi da ke motsa baki hanya ce da ta fi hoto a tsaye riƙe hankali. Cikas ɗin a fili suke: tsadar data, rashin wutar lantarki, da wayar da za ta iya ɗaukar aikin sa'o'i ba ta yi zafi ba.

Akwai kuma tambayar addini, wadda ba za a tsallake ba. Malamai sun daɗe da saɓani kan zanen abu mai rai. Wasu sun hana gaba ɗaya. A mazhabar Malikiyya an bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe, hukuncin na farko ya fi tsanani. Batun namiji ya fito da siffar mace, da shigar surar, da kiɗa, kowanne yana da nasa hukuncin daban da na zanen.

Iyaye su sani cewa kamannin katun ba ya nufin shirin na yara ne. Da yawa hirar manya ake yi, da zagi da wasannin tashin hankali, ga maɓallin tura kuɗi a gefe. Matashin da wani kamfani ya yi wa tayin sura kyauta kuwa, kafin ya sa hannu yana da tambayoyin da rikicin Selen da na VShojo suka bar masa: sunan wa ke kan tashar, ta asusun wa kuɗi ke shiga, kuma ranar da aka rabu, wa zai tafi da fuskar?